Ranar da Gungumen Maɗaci Ya Kufce

Suleja,
Satumba, 1996.

Zuwa ga Yayana Fakhruddeen, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta girmamawa da kewa daga ƙanwarka Rabi'a. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Asama'u da yara, Ya kuma tsare ka a hanyoyin da kake bi da motar kamfani. Mu ma nan lafiya, alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ciwon gwiwar nan, har ta koma tuyar masa da safe duk da mun hana ta. 'Yata Nana ta shiga aji biyu, yanzu ba motar da za ta wuce ba ta karanta rubutun jikinta ba.

Yaya, godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami, amma dole in fara da labarin da muka ɓoye maka. Kada ranka ya ɓaci. Inna ce ta ce a bari sai hankali ya kwanta, tunda kai mai tuƙi ne, kada mugun labari ya same ka a kan hanya. Maigidana, Baban Nana, ya gamu da tsautsayi a daji a farkon damina, Allah kuma Ya tsallakar da shi.

Ka tuna hular kwano da takalma masu ƙarfe a baki da ka kawo masa da Babbar Sallah? Kana tafiya ya rataye su a ƙusa, wai abokan aiki za su ce ya zama injiniya. Na yi magana har na gaji. Sai da Inna ta aika ya zo, ta ce masa ba don ƙusa ɗanta ya ɗauko kaya tun daga Fatakwal ba. Ka san kunyarsa da Inna. Washegari ya saka su, aka yi masa dariyar, ya shanye.

Tun da gine-ginen Abuja suka buɗe baki, katako ba ya isa, shi ya sa Oga Nnamdi, mai injin tsaga katakon da yake wa aiki, ya tura su wani daji a bayan Izom ko da ruwa ya sauka. Ranar ƙasa ta yi santsi. Sun kayar da wani ƙaton maɗaci a bakin rafi, suka ɗaure gungumen da igiyar ƙarfe, tarakta tana jan sa zuwa tudu inda babbar mota take jira. Shi kuwa yana daga gangare, yana kawar da rassa. Ashe igiyar ta tsufa. Da ta tsinke sai bakinta ya zabgo shi a ka kamar bulala, ya faɗi, gungumen ya mirgino ya danne masa ƙafar hagu. Hular nan, Yaya, ta rabe gida biyu. Likitan da ya gan ta ya jujjuya ta, ya ce mu gode wa Allah, mu gode wa wanda ya kawo ta.

Akwai wani abokin aikinsa, Linus, mutumin Gbagyi daga wajen Tafa, shi ke riƙe da injin sare itace. Direban tarakta ya ruɗe, ya ɗauko sarƙa zai ɗaura ya fizge gungumen. Linus ya hau ya zare makullin ya jefa a aljihu, ya ce in aka ja, da ƙafar za a tafi. Har an so a yi faɗa, don kowa na jin nishin Baban Nana, amma Linus bai bayar da makullin ba. Ya sa aka yi wa gungumen waigi da duwatsu kada ya ƙara gangarowa, ya yanko sanduna masu kauri, ya ƙwalla wa manoman da ke kusa kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka taru suka ɗaga gungumen kaɗan da sandunan, Linus ya kwanta cikin taɓo ya jawo maigidana ta hammata. Baban Nana ya ce abin da yake iya tunawa kawai shi ne muryar Linus tana ce masa kada ya rufe ido.

Oga Nnamdi da motarsa ya kai shi asibiti, bai kuma gudu ya bar mu ba. Da aka nemi jini, na Linus ne ya dace, ya miƙa hannu tun ba a gama tambayarsa ba. Ƙashin ƙauri ya karye, amma tafin ƙafar da yatsu ba abin da ya same su, saboda takalmin. Maƙwabciyarmu Iya Funmi ita ta riƙe Nana duk kwanakin da na yi ina jinya, ta hana ni ko hura wuta. Ban san da bakin da zan gode wa mutanen nan ba.

Yanzu aikin nasu ya canza. Kowace safiya sai an bi igiya da hannu an duba ta. Ba mai tsayawa daga gangaren gungume, kuma tarakta ba ta motsawa sai mutum ɗaya ya ga kowa ya matsa ya busa usur. Waɗanda suka yi dariya su ne suke zuwa gaishe shi suna tambayar inda ake samun hular. Oga Nnamdi ya ce in roƙe ka ka bincika masa inda ake sayar da su a can, zai saya wa kowa. Baban Nana dai ya bar daji. In ya ƙara ƙarfi, zai zauna wajen auna katako a cikin gari. Na san abin yana damun sa, ni kuwa ko a jikina.

Juma'ar da ta wuce ya fara fita masallaci da sanduna. Na so ya hau acaɓa, ya ƙi. Linus ya zo da sassafe ya zauna, da lokaci ya yi ya tallafe shi suka tafi a hankali. A bakin masallaci ya miƙa shi hannun jama'a, shi kuma ya koma gindin mangwaro ya jira har aka idar, ya dawo mini da shi. Da suka shigo zaure, Baban Nana ya ce in rubuta maka cewa kana da ƙani a Tafa, in ka zo gida sai ka je ka gaishe shi tun kafin ka huta. Ya ce godiyar da yake maka kuwa ba ta takarda ba ce, sai ya tsaya a gabanka da ƙafafunsa.

Ka gaida Yaya Asama'u da kyau, da Taufiq da Halimatu Sadiya. Inna tana sa maka albarka, Kawu Ɗantala da Gwaggo Rabi suna gaisuwa, Nana ta ce a gaida Kawunta. Allah Ya saka maka da alheri, Ya haɗa fuskokinmu cikin aminci.

Taka ƙanwa mai yi maka addu'a kullum,
Rabi'a.