Ƙafar Mas'ud da Gadon Ɗori

Aliero, Litinin

Zuwa ga ɗana Mas'ud, a Jega.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Malam Isa ke rubutu, ni ke faɗa, kuma na hana shi rage komi.

Shekara goma sha ukku kana tsaron baya ga ƙungiyar ƙwallo ta Damisar Jega, ban taɓa jin ka ci ƙwallo ba. Sirajo da kuka fara tare ya sauya ƙungiya huɗu, kai kana nan awa turke. Iyakar abin da nika gani na aikinka mutanen da kake taɗewa ne, ukku na ɗora bana. Kuma ban mance ba, da ka yi targaɗe asibiti ka tahi, kai ɗan maɗori, jikan maɗori. Har kasuwar albasa an yi min dariya.

Hannuna ya fara rawa. Ɗori ba a koyonai da baki, sai hannu bisa hannu, kuma ba ni koya ma bare. Ka taho gida.

Mahaifinka, Arzika Maɗori

Jega, Laraba

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina gaishe ka da kowa na gida.

Waɗanda suka ɗauke ni ina gudu ba takalmi, ba ni barin su ranar wuya. Saura wasa guda, Asabar a Maiyama. In aka ci mu, an sauke mu rukunin ƙasa. Bayan nan sai mu yi magana. A sa ni addu'a.

Ɗanka, Mas'ud

Aliero, Juma'a

Mas'ud, gaisuwa.

Bara ma "mu yi magana" ka ce. Jiya ina ɗora wani makiyayi karan ɗori ya suɓuce min, Allah ne ya rufa asiri. Faɗuwar ƙungiya kake tsoro. Ta gidan kakanka fa? Ba ni sake rubuto maka.

Ka huta lafiya, in kana hutawa.

Arzika

Aliero, Talata

Ɗiyata Iyatu, a Maiyama. Ina gaishe ki da maigidanki.

Gaskiya kika ji. Wanki Mas'ud ya tare ƙwallo bakin raga, ƙauri ya karye, ƙungiyar ta tsira. Suka ce asibiti, ya ce Aliero.

Da na kama ƙafar, hannuna ya ƙi tsayawa. Malam Isa ya ja ƙafa, na aza hannuna bisa na Mas'ud, shi da kanshi ya lalubo ƙashin ya maishe shi, shi ya jera kara, shina cizon rawanina. Ɗorin ya yi daidai. Kada ki gaya mai.

Kwana arba'in zai yi bisa tabarmata, ba wurin gudu. Wai yana warkewa Damisa zai koma. Gobe dai ana kawo wani mai karaya daga Sabiyal, na ce a aje shi kusa da Mas'ud.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki, Arzika