Ƙwayoyin da Na Ba Inna

Litinin, 6 ga Oktoba

Kwana tara ke nan da cire min maƙoƙo. Muryar har yanzu a shaƙe take, likita ta ce in rage surutu. Mai aski za a ce wa ya rage surutu! Shekara ashirin da shida ina tsaye a bayan kujera, rabin aikin da baki nake yin sa. Uwar yara ta ajiye min wannan littafin a kan gado, wai duk abin da ya tokare min ƙirji in zuba a nan, ita ma kunnenta ya huta. To ga shi ina zubawa.

Magani kuwa kamar zan buɗe kanti. Akwai 'yar ƙarama ta safe, madadin abin da aka cire. Wannan na gane, an ɗauke abu an ba ni wani. Amma manyan fararen nan masu ɗanɗanon alli, biyu-biyu sau uku a rana, da wata 'yar mitsitsiya mai raka su? Kalsiyam wai. Na tambayi mai ba da magani, ya ce na ƙarfin ƙashi ne. A wuya aka yanka ni. Me ya haɗa wuya da ƙashi?

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na koma shago. Dogo, abokin aikina mai kujera ta biyu, ya mayar da madubina wajen rataye hula. Kumfar ma ya canza wata mai warin maganin sauro. Mako biyu kacal. Da na mutu fa?

Asabar, 11 ga Oktoba

Direba ya zo. Tsoho ne, shekara goma sha tara duk Asabar yana kan kujerata, kuma ba ya yarda inji ya taɓa masa fuska, sai aska. Asabar biyu da ba na nan bai bar Dogo ya kusance shi ba. Ya kwantar da kai, ya rufe ido, kafin in gama ɓangare ɗaya har ya fara minshari. A layin nan kaf ba mai hannun da mutum zai miƙa wa wuya ya yi barci sai ni. Ba yabon kai ba ne, kuma ko shi ne, littafina ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na je gaida Inna. Na tarar da ita tana dafa bango kafin ta tashi, gwiwoyin sun matsa mata. Ina zaune ina kallon ta, robar maganin ƙashi cike a aljihuna, ni da ƙashina lafiya lau. Ai sai na ba ta, har da 'yar mitsitsiyar. A gidanmu magani bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Na tarin Yaya duk mun sha, na idon Kawu ya zaga gida uku kafin ya ƙare. Ta yi ta sa min albarka har na fita ƙofa.

Uwar yara ta tambayi ina robar. Na ce tana shago.

Laraba, 15 ga Oktoba

Leɓɓana na yi min wani iri, kamar kiyashi na yawo a kai. Kan yatsu ma haka. Sabuwar kumfar Dogo ce, ba ko shakka.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na zubar da kumfar. Mun yi cacar baki, da wannan muryar tawa ta tsohon zakara, kwastomomi na dariya. Kiyashin na nan. Da hantsi kuma ƙafa ta ɗaure min ina tsaye, sai da na zauna a benci kamar mai jiran layi.

Litinin, 20 ga Oktoba

A gadon asibiti nake rubutu. Sai yau hannun ya yarda ya riƙe biro sosai.

Shekaranjiya Asabar ce. Direba a kujera, na shafa kumfa, na gama kumatu, na ɗaga haɓarsa na sauko ƙasan muƙamuƙi. Sai babban yatsana ya lanƙwashe ya shige tafin hannu, sauran suka miƙe suka manne da juna, wuyan hannun ya karyo ciki. Askar na tsakaninsu. Na ce wa hannun ya saki, bai ji ba. Ina kallon ta ta ja layi a fatarsa, kumfar ta yi ja.

Bai yi ihu ba. Ya buɗe ido kawai, yana kallona ta madubi, ya ce a hankali, "Maigida, lafiya?" Dogo ne ya zagayo ya kama min hannu da nasa biyu, ya janye shi baya, ya ɓamɓare askar yatsa bayan yatsa. Ya danna wa Direba tawul. Yankan bai yi zurfi ba, ɗinki uku aka yi masa. Da ya gangara ƙasa da faɗin yatsa ɗaya kuwa, ba na son in rubuta.

Sun yi min ƙarin ruwa da allurar kalsiyam ta jijiya. Kafin ledar ta ƙare yatsun sun warware. Haushin da na ji ke nan, a ce abin da na raina shi ya buɗe min hannu.

Talata, 21 ga Oktoba

Likitar ta zo zagaye. Ba ta girmi 'yata ta fari ba, amma ta tsare ni da ido kamar ta kama ni ina satar amsa. Ta ƙwanƙwasa min kunci da yatsa a gaban kunne, leɓena ya harba shi kaɗai. Ta ce, "Baba, sau nawa kake shan fararen?" Na ce yadda aka rubuta. Uwar yara ta yi gyaran murya. Dogo ya riga ya gaya mata babu wata roba a shago. Munafuki.

Da na faɗi inda robar take, likitar ta dafe kai. Ta jawo takarda ta zana wuya, ta ɗiga ɗigo huɗu. Wai a bayan abin da aka cire min akwai wasu 'yan halittu huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, sunansu faratayirod. Su ne masu gadin kalsiyam ɗin jini. Da ya yi ƙasa sai su saki wani sinadari ya kai saƙo: ƙashi ya ɗan sako nasa, ƙoda ta daina zubarwa a fitsari, hanji ya ƙara tsotsa daga abinci. Da ya cika sai su yi shiru. Ba a cire min su ba, amma sun bugu wajen aikin, sun suma. Kuma jijiya da tsoka da zuciya duk da kalsiyam ɗin jini suke tafiya daidai, in ya yi ƙasa sai su yi ta harbawa ba da izinin kowa ba.

Na ce to me ya sa aka ce min na ƙashi ne? Ta ce ranar sallama ta yi min wannan bayanin duka, na ce mata na gane. Ban tuna ba. Na dai tuna ina neman takalmina.

Na ce yaushe za su farfaɗo? Ta ce yawanci makonni, wani lokaci watanni, wani lokaci kuma ba sa tashi. Sannan ta ce a karɓo robar daga wajen Inna yau-yau, wannan adadin ya yi wa mai lafiyar wuya yawa, zai iya taɓa mata ƙoda.

Alhamis, 23 ga Oktoba

An sallame ni. Inna ta ƙi ba da robar sai da Yaya ya yi da gaske. Wai gwiwarta ta warke sarai, baƙin ciki ake yi mata. Kwana huɗu ba ta zaga ba, amma wannan ba ta haɗa shi da maganin ba. An auna jininta, da sauƙi. Ta aiko a gaya min kyautar da ake karɓewa ba kyauta ba ce.

Talata, 28 ga Oktoba

Uwar yara yanzu a tafin hannu take sa min su, ta tsaya sai na haɗiye. Yau har cewa ta yi in buɗe baki ta gani. Ni!

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ina shago, amma inji kawai nake riƙewa. Masu son aska Dogo ke yi musu, ni da kaina nake tura su. Yana kankare mutane kamar mai feraye rogo, ina ji ina cije haƙori. Direba bai zo ba. Na aika masa gaisuwa sau biyu, zuwa da ƙafata ne na kasa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Yatsu lafiya, leɓe lafiya. Na ɗauko askar bayan an watse, na wasa ta, na aske gashin damtsena. Sumul. Da wani ya turo ƙofa sai na jefa ta a durowa kamar ɓarawo.

Talata, 25 ga Nuwamba

Sakamakon jini ya fito. Kalsiyam daidai, amma na ƙwayoyi ne, 'yan huɗun har yanzu ba su motsa ba. Likitar ta ce kada in fid da rai, kuma kada in sa rai da yawa, mai yiwuwa ni da fararen nan sai dai kabari ya raba. Na tambaye ta abin da na zo tambaya: aska fa? Ta ce in dai ina sha ba fashi, ina zuwa awo, hannuna hannuna ne. Faɗa da sauƙi. Ba ita ta ga kumfar nan ta yi ja ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Da ƙarfe sha ɗaya sai ga Direba. Gemu ya cika masa fuska har wuya, fari fat, mako shida ba wanda ya taɓa shi. Dogo ya yi wuf ya kakkaɓe kujerarsa. Ko kallon ta bai yi ba, ya wuce ya zauna a tawa. Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Ƙaiƙayi yake min, Maigida, yi abin da ya kawo ni."

Na ɗauko inji. Ya ce in ajiye wannan abin hayaniyar.

Lokacin ƙwayar rana bai ƙarasa ba, saura kusan awa ɗaya. Na ce ya jira. Ya jira, yana karanta tsohuwar jarida. Da lokaci ya yi na buɗe durowar aska, nan nake ajiye robar yanzu, don kawai ya fi kusa. Na sha biyu a gaban kowa.

Na rage gemun da almakashi, na shafa kumfa. Tabon na nan ƙasan muƙamuƙi, ɗan siriri, na bi ta gefensa a hankali. Askin minti goma ya ci min rabin awa. Ban san sanda ya fara minshari ba, sai da na zo goge masa fuska na ji.

Bayan ya tafi na shiga ɗakin baya neman tawul, na ɗan daɗe. Da na fito, idona jajur, Dogo ya ce ai tawul ɗin na kafaɗata. Mutumin nan ba abin da ya iya sai sa ido.