Tabo a Yatsan Bilal

Litinin, 5 ga Fabrairu, Ƙiru
Ƙyanda ta shigo unguwa. Yara biyu kwance a gidan Malam Idris, katanga ɗaya tsakaninmu. Bilal nawa kuwa allurar wata tara ta wuce shi muna asibiti, har yau maganin ciwon ƙodarsa yake sha.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Masu rigakafi sun zo. Ramla, ma'aikaciyar asibitinmu, ta duba maganinsa, ta mayar da allurar cikin akwati. "Malama, cutar ce da ranta a ciki, ƙarfinta aka karya don jiki ya koyi faɗa da ita. Maganin nan ya kwantar da garkuwar jikinsa, ko raunanniyar sai ta kayar da shi." To ya zan yi? Wai sai dai a yi wa yaran da ke kewaye da shi, su zame masa katanga.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
Na bi gida-gida ina roƙon a kai yara rigakafi. Zuwaira ta tare ni a zaure: "Malama, in abin arziki ne, don me aka tsallake naki?" Na yi bayani har yawuna ya bushe, sai "to" kawai. Matan da nake koya wa karatu a Islamiyya! Ashe ba bakina suke bi ba, yatsan Bilal suke kallo, don duk wanda aka yi wa, ana shafa masa tawada a ƙaramin yatsa.

Asabar, 10 ga Fabrairu
Na kulle shi a ɗaki. Ta ƙasan ƙofa yake leƙen yara. Tsoro nake ji, ba abin da na iya.

Talata, 13 ga Fabrairu
Sumayya ta gidan Malam Idris ta rasu. Ban iya shiga gaisuwa ba, daga soro na juyo.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Su Ramla sun dawo. Na goyo Bilal, na tsaya nesa, hannunsa a waje. Zuwaira ta kalli yatsan, ta koma ta kwaso nata uku. Kafin azahar layi ya kai bakin rijiya.
Ramla ma ta gani. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.
Tabon da ke yatsan Bilal ni na shafa masa da maka, alƙalamin tawadar da nake rubutu da ita a allo. Ban ce an yi masa ba, ba wadda ta tambaye ni. Na yi istigfari. Makar dai na ajiye ta ƙarƙashin filo, gobe suna unguwar gabas.