Babbar Riga a Bayan Babur

Juma'a da dare, unguwar Tremont



Tun da ɗana Nasiru ya sayo babur ɗin nan hankalina bai kwanta ba. Wai matsakaici ne, shi abokansa ke yayi. Matsakaici! Abin da in ya tashe shi tagoginmu ke karkarwa. Ɗan maƙwabcinmu na asibiti da ƙarfe a cinya saboda gudu, amma in na yi wa nawa faɗa sai ya ce, "Baba, relax."

Da aka sauko masallaci yau na ce ya goya ni in koya masa tuƙin hankali, ni da na yi shekara bakwai ina acaɓa a Kano. Na cusa hula a aljihu, na kifa hular kwano, na hau da babbar rigata. Muna hawa titi iska ta cika ta fam, na koma tanti. Na ƙanƙame yaron, na karanto duk surorin da na iya. Ba su da yawa, sai da na maimaita sau uku.

Muna isa gida na ce, "Kashe ni za ka yi?"

Ya ce, "Baba, mai keke fa ya wuce mu. Ban taɓa tafiya a hankali haka ba, tsoro nake ka faɗo."

Uwarsa ta ce, "To Alhaji, an samu magani. Kullum sai ka raka shi wurin aiki."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ga ƙaramar riga can ta goge mini ta gobe.