Muryar Luba Na Kunna Wa Baban Lawali

Assalamu alaikum Hajiya, da ku 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Na san na yi laifi, ba wanke kaina na zo yi ba. Yau kwana ashirin da ɗaya ke nan ban ji ɗanɗanon abinci ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Shekarata ashirin da biyu, a Tambuwal nake. Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, ina zaune gida wata ƙungiya ta buɗe ɗan wuri a garinmu don yaran da ke da jinkirin magana da fahimta, ana taimaka musu da kiɗa da waƙa. Na san wasu za su yi dariya, ni ma na yi da farko. Aka ɗauke mu mu biyu aka kai mu Sakkwato horo na wata fuɗu. Wadda ta koyar da mu, muna ce mata Anti, ita ce ta yi karatun abin sosai, duk Alhamis take zuwa duba aikinmu. Ba kiɗan biki ba ne. Ƙwarya ce kife cikin ruwa, da caki, da 'yar ganga, da haƙuri mai yawa. Babban abin da ta koya mana shi ne barin gurbi. Za ki yi ta rera wa yaro waƙa ɗaya har ta zauna masa, in kin zo kalmar ƙarshe sai ki yi shiru, ki ƙirga goma a ranki, ki bar masa wurin. Wata rana, ko bayan watanni ne, shi zai cike da bakinsa. Kowane zama muna ɗaukar sauti a wayar ofis, mu adana da sunan yaron, mu rubuta rahoto. Da rahoton nan Anti ke yanke abin da za a yi wa kowane yaro.

Yara biyu nake haɗawa a tabarma ɗaya ranar Talata. Luba, shekararta shida, 'yar nan cikin gari ce, uwarta malamar firamare. Tun da aka haife ta ba ta taɓa furta kalma ba, sai gurnani da kuka. Sai Lawali, ɗan shekara biyar, daga wani ƙauye na Kebbe. Shi ma ba ya magana, ba ya kallon ido, amma in ya samu ƙwarya ya manta da duniya. Babansa manomi ne mai shanu, shi ke ɗauko shi a babur, ya ɗaure shi da rawani a jikinsa saboda ramukan hanya, wani lokaci har da uwar yaron a baya. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ya san me nake nufi. Waƙar da na tsara musu 'yar ƙarama ce: wa ta goya ni, Inna, wa ta ba ni fura, Inna. A wurin Inna nake yin shiru. Wata shida ina shirun nan, ba wanda ya cike.

Ranar da abin ya faru, Baban Lawali ya kira ni gefe tun kafin mu shiga. Mutumin kirki ne wallahi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, “Malama, ni ba ƙin aikinku nika yi ba. Amma tsohuwa tac ce harshenai ɗaure yake. Ran Jumma'a wanzami za ya zo ya yanke linzamin, daga yau mun gode.” Na tuna masa likita ya duba bakin yaron a gabansa ya ce harshen lafiya lau, matsalar ba a nan take ba. Ya ce ya sani, amma uwa ce ta yi magana, kuma shi ba shi da abin da zai nuna mata. Hajiya, ina ƙarama aka yi wa ɗan maƙwabtanmu wannan yanka, na ga jinin da idona, na ga yadda aka kwasa da shi asibiti. Kuma wancan yaro ne mai jin magana. Lawali da ko farcensa ba ya bari a yanke, mutum nawa za su danne shi? Wa zai hana shi fizge kai aska na cikin bakinsa?

Da wannan tunanin na shiga. Na aje wayar tsakaninsu, na fara waƙa, muryata ma ba daidai take ba. Karo na uku na zo gurbin na yi shiru, ina ƙirge, na kai bakwai, sai na ji “Inna.” Ƙasa-ƙasa, amma tas. Luba ce. Na ga bakinta, ta kalle ni ido cikin ido ta faɗa. Lawali na can ya juya wa bango fuska yana bugun ƙwaryarsa. Ranar kuma uwar Luba ba ta zo ba, suna jarrabawa a makarantarsu, wata maƙwabciya ce ta kawo ta ta tafi kasuwa. Abokiyar aikina tana ɗayan ɗakin. Ba wanda ya gani sai ni da Allah.

Ban san lokacin da na fito da wayar ba. Baban Lawali na zaune ƙarƙashin darbejiya, na durƙusa na kunna masa. Wallahi ban fara cewa komai ba. Ya saurara, ya ce in sake, na sake. Sai ya ɗago ya ce, “Lawali na?” Na ce, “Shi ne, Baba.” Kalma uku. Babban mutum da gemu ya rufe fuska da hula yana kuka. Ya ce in tura masa a wayarsa, na tura. Na koma ciki na adana sautin da sunan Lawali, na rubuta a rahoto cewa ya cike gurbi. A shafin Luba na rubuta babu canji. Da hannuna na rubuta haka, tana zaune gabana tana wasa da caki.

Na ce wa kaina na ceci yaro. An fasa kiran wanzami, har akuya aka yanka aka yi sadaka, aka aiko mini da nama da nono, na karɓa na yi godiya, na kasa ci. Na ɗauka Luba za ta sake faɗa mako mai zuwa, uwarta ta ji da kunnenta, shi ke nan kowa ya samu. Ba ta sake ba. Talata uku ke nan ina yin shiru har in ƙirga ashirin, tana kallon tabarma. Anti ta taɓa gaya mana duk ranar da yaro ya fara cikewa, a sanar da gida nan take, a koya musu su ci gaba da shi kullum kada ya ɓace. Ni ce na hana Luba wannan. Ya ɓace ke nan? Zai dawo kuwa?

Shi kuma Lawali, abin da ba a so shi ake yi masa. Duk gidan sun haddace waƙar daga waya, su kewaye shi su rera, su tsaya, su ce ce Inna, ce Inna mana, kakar har da girgiza shi. Yanzu ina fara waƙar yake toshe kunne ya ciji bayan hannunsa, akwai sawun haƙora har yau. Ƙwaryar ma ya fara ture ta. Uwarsa ta riƙe mini hijabi makon jiya ta ce, “Malama, don mi yaka kirana gabanki ba ya kirana gabana? Mi niy yi mishi?” Na ce mata ta yi haƙuri, a hankali ne, su daina matsa masa. Ƙarya bisa ƙarya.

Amma abin da ya karya ni ya faru ne yau Talatar nan. Iyaye na zaune a benci suna jira, Baban Lawali ya ciro waya don ya ƙarfafa musu gwiwa, ya kunna. Uwar Luba na kusa da shi. Na tsaya a bakin ƙofa, na ce yau asirina ya tonu, uwa ba za ta kasa gane muryar ɗiyarta ba. Ta karɓi wayar ta kara a kunne. Ta saurara har sau uku tana murmushi, ta ce masha Allah, muryar yaron nan da daɗi. Ba ta gane ba. Ta ina za ta gane, ba ta taɓa jin ta ba? Ta miƙa masa wayar ta ce, “Allah ya nuna mana namu. Ni ko sau guda ne in ji.” Na shiga bayi na toshe bakina da hijabi.

Da za ta tafi ta gaya mini ta gaji. Ta ce ba laifina ba ne, ta ga ina ƙoƙari, amma kullum sai ta roƙi hedimasta ya bar ta ta fito, har abokan aiki sun fara magana, in wata ya ƙare za ta bar Luba gida ta rungumi ƙaddara. Anti ma ta ce tun da rahoto ya nuna wata shida ba motsi, za ta cire Luba daga waƙar gurbi ta gwada mata wani abu dabam. Wato hanyar da ta yi mata aiki ita za a ɗauke ta daga kai, saboda abin da na rubuta.

Kuma ina jin Anti ta fara shakka. Alhamis ɗin da ta wuce ta sa abin kunne ta saurari sautin, ta maimaita, ta cire ta dube ni ta tambaya wa ke bugun ƙwarya lokacin da aka yi maganar. Na ce Lawali. Ta ce abin mamaki, bugun yana nesa da waya, muryar kuma tana kusa. Ta ci gaba da rubutunta. Jibi Alhamis ne zaman da take yi da iyaye duk bayan wata uku, kowa zai zo, har Baban Lawali, kuma ya ce da tsohuwar zai taho ta ga wurin da aka buɗe bakin jikanta.

Ba korar aiki nake tsoro ba, na cancanci haka. In na faɗi gaskiya, tsohuwar nan za ta ce ga shi, maƙaryata ne, dama ta faɗa, kuma kafin sati wanzami ya shiga gidan. Baban da ya yi yawo da waya yana kunna wa dattawan ƙauyensu, da wane ido zai kalle su? Zai sake yarda da maganar likita ko ta Anti bayan wannan? In kuma na yi shiru, uwar Luba za ta tafi ƙarshen wata ba ta san ɗiyarta ta kira ta ba, yarinyar ta koma ɗaka. Na yi tunanin in gaya mata ita kaɗai in roƙe ta ta rufa, amma yaya zan ce wa uwa ta ɓoye irin wannan? Ta zauna a benci ana kunna muryar ɗiyarta da sunan ɗan wani? Na yi tunanin in kira Anti tun yau, na ɗauki waya ya fi sau goma ina ajewa. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba, tana ta tambaya ko zazzaɓi nake.

Na yi istigfari, ina kan yi, amma na san haƙƙin mutane ne, sai sun yafe. Ku da kuka girme ni, iyaye mata, malamai, ma'aikatan lafiya, akwai hanyar da zan mayar wa Luba muryarta ba tare da aska ta shiga bakin Lawali ba? Wa zan fara tunkara, kuma da wace magana? Kwana biyu suka rage mini. Don Allah, me zan yi?