Ƙorafi Kan Ɗauke Motar Marigayi Svetozar Pantelić

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Tsabtace Gari, Ƙaramar Hukumar Lipov Dol
Daga: Milutin Vesić, tsohon akawu mai ritaya, Unguwar Tashar Jirgi
Kwanan wata: 22 ga Afrilu

Game da: Farar mota Zastava ƙirar 1968 da aka ɗauke daga tsakar gidanmu, wadda za a niƙe ranar 30 ga wannan wata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne a madadin maƙwabciyata, Uwargida Desanka Pantelić, matar marigayin, wadda idonta ba ya iya karatu yanzu.

1. Kowace shekara, kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka, marigayi Svetozar yakan kwantar da motarsa. Yakan ɗora ta kan gungumen itace, ya kai tayoyin ɗakin ƙasa don kada su lotsa, ya tsiyaye ruwan lagireto don kada ya daskare ya fasa injin, ya toshe salansa da tsumma saboda ɓeraye, ya lulluɓe ta da tampol. Batir kuwa kicin yake kaiwa, kusa da murhu. Haka ya yi a Nuwamban bara, ni na riƙe masa jak.

2. Ranar 11 ga Fabrairu ma'aikatanku suka ɗaga tampol ɗin, suka rubuta cewa sun tarar da mota ba taya, ba batir, ba ruwa, an cusa mata tsumma, saboda haka yasasshiya ce. Ba na musun ko ɗaya daga cikin abin da suka gani. Sai dai ban taɓa jin wanda ya yasar da mota ya goge ta da man ƙyalli tukuna ba.

3. An manna wa mai motar takardar gargaɗi a jikin tampol, kuma rahotonku ya ce bai amsa ba. Wannan ma gaskiya ne. An binne shi tun 9 ga Janairu. Uwargida Desanka kuwa tana gidan 'yarta a ƙauye tana zaman makoki, ni kuma ina asibiti, lokacin da janwe ya zo.

4. Da ta tafi ƙauyen, ba ta bar batir ɗin a cikin sanyin gidan ba. Ta tafi da shi a cikin bas, tana sa surukinta ya yi masa caji duk wata, kamar yadda mijinta ya gargaɗe ta a gadon asibiti. Al'adar marigayin ce ya tayar da motar a makon da ke bin bikin Ista: ya kwance fulogi, ya ɗiga baƙin mai, ya juya injin da hannu, ita kuma ta sauko mana da gahawa tana mitar hayaƙi zai ɓata mata shanya. Ranar Litinin ɗin nan, da dawowarmu gida mu biyu, ta turo batir ɗin a keken cefane, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa in zo in taya ta. Gungume huɗu kawai muka samu a wurin, babu mota.

5. Da na raka ta ofishinku, wani matashin jami'i ya kira ta kaka, ya ce ta gode an rage mata tarkace. Ta yi masa sallama yadda ya kamata, ta sauko. A kan matattakala ne na riƙe ta don kada ta faɗi.

Bisa haka, ina roƙo cikin ladabi da a dakatar da niƙe motar nan take, a kuma mayar da ita inda aka ɗauke ta. In akwai tara, a ɗora mini. Tayoyinta na nan lafiya ga duk jami'in da ke son ganinsu.

Kada mai girma ya damu da batun lasisi ko cunkoson titi. Uwargida Desanka ba ta iya tuƙi ba, ba kuma inda za ta je. Da na tambaye ta me za ta yi da motar, cewa ta yi gidan ya yi shiru da yawa, so take ta ji an tayar da ita ko sau ɗaya.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka mai biyayya,
Milutin Vesić