Inna, Ba Za a Yi wa Kulu Sakiya Ba

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya yalwata makwancinki.

Shekara huɗu da wata bakwai ke nan rabona da Argungu, tun ranar da muka dawo daga kai ki. Ina nan Ikko, ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare. Yau kwana shida na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa nake rubuta miki, ko da yake na san ba mai kawo miki.

Wani direban motar albasa ya kawo mini takarda daga gida. Kulu, autarki, ta ji wani ƙulli a ƙirjinta, gefen hagu, ba ya ciwo. Kawu Sani ya ce a kira wanzami ya yi mata sakiya, kamar yadda aka yi miki.

Ban manta ranar ba. Ni na riƙe miki kafaɗa, wanzami ya gasa kibiya har ta yi ja, ya soka. Muka zuba ido mugunya ta fito, sai jini. Kika cije gefen zane, kika ce, "Ku bar shi, wanga abu ba na fita ba ne." Ba wanda ya saurare ki. Sau uku aka yi. Lokacin da muka kai ki asibitin Sakkwato, likita ya duba, ya tambaye mu ina muke tun bara.

A makon jiya ina goge tebur, sai malamar kimiyya ta zana irin ciwon nan naki a allo. Ta ce jiki duk ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace tana rabewa biyu don jiki ya girma ko rauni ya warke, kuma a cikinta akwai umarnin da ke ce mata ta tsaya haka nan. Wani lokaci umarnin ƙwaya ɗaya ya lalace, sai ta yi ta rabewa ba tsayawa, biyu, huɗu, takwas, har su taru su zama ƙulli. Idan aka daɗe, wasu su ɓalle su bi jini su kafa wani wuri. Ciwon daji ke nan.

Na tuna ciyawar nan ta fadamarmu a Gulma, mai kama da shinkafa. Ke kike cewa a cire ta tun tana ƙarama, kafin ta zubar da iri.

Ashe ba ƙurji ba ne, Inna. Ba ruwan da zai fita, tsoka ce. Yara 'yan shekara goma sha huɗu suka kwafe wannan a littafi suna hamma, ni kuma ina tsaye da tsumma a hannu.

Na ji haushin wanzami shekaru, na ji na Kawu. Amma wanzamin ya warkar da ƙuraje da yawa da kibiyar nan, har da nawa, kuma Kawu ne ya yi ta jigilarki a kan keke. Abin da suka sani suka yi. Ni ma ai na riƙe miki kafaɗa.

Na tambayi malamar bayan yara sun fita. Ta ce ba kowane ƙulli ne daji ba, da yawa ba su da illa, amma likita ne kaɗai zai bambance, kuma a je da wuri. Na aika wa Kawu cewa kada a taɓa ta sai na iso. Ban san ko zai ji ba. Kin san shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Allah Ya sa na Kulu ya zo da sauƙi.

Tun da na zo ban taɓa karɓar hutu ba, kuma yawancinsa an ce ya wuce. Abin da ya saura mini kwana goma sha tara ne. Biyu na tafiya, biyu na dawowa, sha biyar na Kulu. Jibi zan hau mota.

Ɗanki,
Umaru